Maza Biyar Su Taya Ni Rantsuwa

Litinin, 3 ga Nuwamba, 962
Wigmund ya miƙe a taron gari ya ce ni na sace masa alade. Ƙarya yake, mai cikin tulu. Dattawa sun ce in kawo maza biyar su taya ni rantsuwa, in babu, in ɗauki ƙarfen da aka gasa a wuta da hannu a coci. In ƙunar ta ruɓe, na tabbata ɓarawo, a sare hannun.

Talata, 4 ga Nuwamba
Kawu Beornstan ko ɗagowa bai yi daga gyaran garmarsa ba. "Ɗana, ba kai ka ce tunkiya ta fi ni kai ba? Je ka ta rantse maka."

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Na zaga gidaje. Kowa na riƙe da wata magana da na taɓa yaɓa masa. Hunwald maƙeri cewa ya yi, "Malam mai karatun sata a littafin Fada limamin coci, kira haruffan naka su tsaya maka mana." Haushinsu ke nan. Jahilai.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Ba wanda ya leƙo. Tun rasuwar Inna ɗakin nan bai taɓa yi min faɗi haka ba.

Talata, 11 ga Nuwamba
Azumi nake. Gobe coci.

Alhamis, 13 ga Nuwamba
Da hagu nake rubutu. Jiya na ɗauki ƙarfen, na yi taku, na yar. Ban yi ihu ba. Ko na yi, ban sani ba. Fada ya naɗe hannun, sai jibi a kwance. Wani ya ajiye gurasar sha'ir a bakin ƙofa. Na ƙi ci. Daga baya na ci.

Asabar, 15 ga Nuwamba
Fada ya kwance ƙyallen, ya ce shaidu su matso. Ni na ga ruwa-ruwa a gindin babban yatsa, har wari na ji. Kawu ya sunkuya, ya daɗe. "Tas yake," in ji shi. Hunwald, da ya fi kowa sanin ƙuna, ya ce, "Tas." Sauran suka bi. Wigmund ya dubi fuskokinsu, ya juya ya fita.

A hanya Kawu ya ce, "Hannu ya tsira. Saura a ɗora wa harshen ƙarfe." Ina da amsa, mai zafi kuwa. Sanyi ne ya hana ni buɗe baki, ba wani abu ba.

Ya ce in zo gobe matarsa ta sa min zuma a ciwon. Wataƙila in je.