Minti Ashirin a Ɗakin Shayi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya idon Maigida, yana ɗiga maganin kuwa, ko sai an yi daru? Mu nan lafiya lau, sai hidimar majalisa.

Na ga kiranki har sau huɗu ranar Talata. Na ce gara in rubuto, don ke a waya ba kya barin mutum ya dire magana. Abin da kuka ji a rediyo haka ne, ƙudirin inshorar lafiya ta gwamnati bai wuce ba. Amma ba kashe shi aka yi ba. Da aka zo ƙuri'a an ƙirga 'yan majalisar da ke cikin zaure, ba su cika adadin da doka ta ce ba, sai aka mayar da shi kwamiti na wata shida. Ni dai ban ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Duk wanda ya ce miki na ɗaga, ya kawo takarda.

Ki fahimci matsayina. Masu so da masu ƙi sun yi kunnen doki, mu bakwai ne a tsakiya, ba ma bin kowa ido rufe. Jagoranmu, wani tsohon lauya da muke kira Barista, ya nuna mana cewa gwamnatin da ta kasa gyara famfon unguwa ba za a damƙa mata lafiyar jama'a a gurguje ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Kin san ni, daga bakin titi na taso da walda har na kafa masana'antar ƙofofi, ba wanda ya ɗaga ni. Ban saba sa hannu a aikin da ban duba haɗinsa ba.

Na san ni na ce wa Maigida ya jira. Ban manta ba. Ranar da likita ya ce hawan jinin ido ne, a yi aiki da wuri, na ce zan biya. A gabanki ya ce shi bai koya min walda don in dawo in yi masa sadaka ba, zai jira katinsa na inshorar gwamnati kamar kowane mai walda a layin. Ni kuma na bugi ƙirji na ce wata uku katin na hannunsa. To, lissafi ya ɗan canza. Ki lallashe shi ya bari in biya, ba sai kowa ya ji ba.

Ki gaida yara da kyau.

Naki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Maigida, Allah ya ba shi lafiya. Takardarki ta same ni a ofis. Sau uku na karanta, sannan na rufe ƙofa na ce kada a bar kowa ya shigo.

Kin ce idon dama ya tafi, na hagu kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani. Kin ce ranar Asabar ya kai hannu zai ɗauki ƙarfe ya dafa wanda bai huce ba, ya rufe shagon da kansa ya miƙa miki makullin. Shekara talatin da wani abu ban taɓa ganin makullin nan a hannun wani ba.

Sannan kika yi min tambaya ɗaya a ƙasan takardar: ina nake lokacin da ake ƙirgawa?

Ina ɗakin shayi, Yaya.

A wasiƙar da ta wuce ban yi miki ƙarya ba, amma na yi abin da ya fi ƙarya muni. Mu bakwai ɗin nan shiryawa muka yi. Barista ya ce idan muka ce ba mu yarda ba, jama'a za su tsine mana. Idan muka yarda, mun zama 'yan amshin shata, ba wanda zai ƙara neman mu. Dabara ita ce mu sulale ɗaya bayan ɗaya kafin a kaɗa ƙararrawa. Wani ya yi kamar zai zaga bayi. Ni na kara waya a kunne, alhali ba wanda ya kira ni, na bi ta ƙofar gefe. Ɗakin shayin yana ƙarshen baranda, da teburi uku da wata tsohuwar fanka mai ƙara. Na sa aka zuba min shayi, ban kurɓa ba. Ina jin ƙararrawa tana kaɗawa, ina kallon agogon bango. Minti ashirin. Da aka ƙirga, mutum ɗaya ne ya rage adadin ya cika. Mutum ɗaya. Kowannenmu na iya cewa ba shi ba ne, ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan har takardarki ta zo.

Kada ki ɗauka wani abu aka ba ni. Da ma hakan ne, da na san sunan ciwona. Abin da ya same ni shi ne daɗi na ji. Shekara uku ina majalisar nan, masu digiri suna turanci a kaina, in na tashi magana suna duba waya, don sun san a sakandare na tsaya. Sai ga shi a kan ƙudirin nan ministan lafiya da ƙafarsa ya hau bene zuwa ofishina. Masu asibitocin kuɗi da kamfanonin inshora suna layi a ƙofata, kowa ranka ya daɗe. Na san ranar da aka yi ƙuri'a layin zai watse. Ban so ya watse ba. Maganar famfon unguwa daga baya na ara na yafa.

Akwai kuma wata. Nakan ce ba wanda ya ɗaga ni, har a taro na sha faɗa, ana tafi. Injin waldana na farko na Maigida ne. Shi ya ɗora min shi a kura, ya ce na gaji da ganin fuskarka, je ka buɗe naka. Wata biyu yana aiki da tsohon injin da wutarsa ke jan mutum a hannu.

Na san yanzu ba ya iya karatu. Ki zaunar da shi ki karanta masa wannan, kada ki tsallake layi ko ɗaya don ki rufa min asiri, na san halinki. In ya gama ji, ki roƙe shi ya bar ni in biya aikin idon hagun tun da sauran gani.

Ƙaninki,
Auta


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Ki yafe min fitar da na yi jiya ban yi miki sallama ba, kina kicin kina haɗa min abinci. Ba zan iya haɗa ido da ke ba ne.

Tun ranar da kika aiko min da amsarsa nake ɗauke da ita: in riƙe kuɗina, in zauna a kujerata. Na zauna. Ranar da ƙudirin ya dawo Barista ya yi ta yi min ido daga bakin ƙofar gefe, har ya aiko min da 'yar takarda. Na ninke ta na sa a aljihu. Biyu daga cikinmu da suka ga ban motsa ba su ma suka zauna, ƙudirin ya wuce, kin dai ji sauran a rediyo. An cire ni daga shugabancin kwamitin da nake riƙe da shi, Barista ba ya amsa gaisuwata, benen ofishina kuma tsit. 'Yan jarida suna cewa na yi jarumta. In na ji haka sai in tuna cewa daga ɗagewar nan zuwa fitowar katin wata goma sha ɗaya ne, likita kuma ya gaya min abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa.

Jiya da na kai masa katin yana zaune a bakin ƙofa. Tun kafin in yi magana ya ce Honarabul ne, ya ji turaren. Na sa masa katin a hannu. Kin san yadda yake duba walda, ya bi haɗin da babban yatsa. Haka ya bi gefen katin nan kusurwa huɗu, ya ce aikin ba laifi. Sai ya kamo hannuna ya shafa tafin, ya yi dariya, ya ce ya yi laushi kamar na mai jego. Ya tambaye ni ko hoton ya yi kyau, na ce ya yi. Ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Na karanta sunansa, na karanta lamba. Da na zo wurin sana'a, inda aka sa mai walda, sai na tsallake, na mayar masa da katin a hannu. Ya jira, ya jira, sannan ya ce ba komai, ya san abin da ke wurin.

Bai zage ni ba, Yaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Ya ce ranar Alhamis zai je asibitin ido da katinsa, ko za a iya tsare ɗan hasken da ya rage. Na ce ni zan kai shi. Ya yarda, da sharaɗin ba direba, ba kiran shugaban asibiti, ba tsallake layi. Ki shirya shi da ƙarfe bakwai. Na ji an ce layin kan kai la'asar, kuma bencin katako ne. Zan bar wayata a mota. Zan zauna kusa da shi har a kira sunansa.

Ki gaida yara. Ki sa ni a addu'a.

Naki har kullum,
Auta