Hanci ga Iska

Ommen, watan Mayu

Zuwa ga ƙawata Aukje,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙugun, ya bar ki kina shiga lambu? Ki gaida Harm da jikokin. Mu ma lafiya lau, in ana auna lafiya da yawan cin dankali.

"Uwargida, ku kaɗai ne kuka bambanta." Da wannan mai kula da zangon motocin nan ya tare ni yau da safe, ina riƙe da kofin gahawa. Ya ce kowace mota a layin tana kallon hanya, tamu ce kawai ta karkace tana kallon dajin. Na ba shi haƙuri. Ban gaya masa cewa daga dajin iska take busowa ba, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsayar da jirgin ruwa ba zai iya ajiye ko keken jarirai ba sai hancinsa na fuskantar iska. Da na yi wa maigidana Siebren magana sai ya ce, "Haba Malama, ƙasar ce ba daidai ba." Ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar teburin guga.

Kin ce in ba ki labarin sabuwar rayuwa. To ga shi. Tun da likita ya ce cikin kunnen Siebren ya lalace, a zaune ko a kan tudu ba abin da zai same shi amma ba zai ƙara tsayawa a kan abin da ke motsi ba, muka sayar da jirginmu Wulp, muka sayi wannan motar mai ɗaki. Fara ce, mai kusurwa huɗu, tana gurnani. Ina kiranta Firji. Siebren ba ya dariya.

Abin mamaki, shi ya saba. Ya sayi rumfa, ya sayi kujeru masu naɗewa, ya yi abokai. Jiya na same shi da wani Bajamushe sun duƙa suna nazarin tankin ban-ɗaki kamar masu duba tsohon rubutu. Mutumin da a da ba ya gaida kowa sai ya ga yadda ya ɗaure igiyarsa.

Ni kuwa, wadda kika sha jin ƙorafinta, wadda ta ce jirgi kurkuku ne mai jiƙa littattafai, ba na samun barci. Gadon ba ya motsi, Aukje. Ina kwance ina jira ya ɗan ɗaga ni ya sauke, shi kuwa yana nan kamar kabari. Kunnena yana neman ƙarar igiya tana bugun jigon jirgi, sai in ji firjin maƙwabta. Kowace safiya ina sauraron labarin iska a rediyo, daga nan mu tafi kanti sayen madara. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai tarihin mutanen da aka raba da ƙasarsu, ban taɓa karanta labarin wadda aka raba da ruwa kuma ba nata ba ne tun farko.

Kada ki gaya wa kowa, za su yi mini dariya, kuma da gaskiyarsu.

Ki huta lafiya.
Taki, Tjitske

Sleat, watan Yuni

Ƙawata Aukje,

Ina gaishe ki, ina fatan aikin da aka yi wa Harm a ido ya yi kyau. Na gode da hoton wake, ya fi na bara tsayi, ko kuwa ke ce kika gajarta.

Na ga Wulp.

Mun zo shiga gari sai aka sauke sandar tare hanya, gada ta fara ɗagawa don jirgi ya wuce. Kin san tsawon rayuwarmu mu ake ɗaga wa gada, motoci su jeru suna jira, ni kuwa in ɗaga musu hannu kamar sarauniya. Ban taɓa tambayar kaina yadda abin yake daga sama ba. Yanzu na sani: bayan wata motar madara kake gani.

Sai ga kan jigon jirgi yana wucewa ta saman motar madarar, da ɗan jan ƙyallen da na ɗinka da hannuna. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba.

Renske ce a kan sandar tuƙi, likitar haƙorin da ta saye shi, ita kaɗai. Mai gadin gada ya zuro takalmin katako a bakin igiyar fatsa, kamar kullum, don a saka masa kuɗin wucewa. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya cafke takalmin, kuma ni ce mai cafkewa. Renske ta saki sanda ta miƙa hannu, takalmin ya bugi goshinta, jirgin ya nufi bango. Aukje, na ji wata mata tana kwarara ihu daga kan titi, "Bar takalmin! Koma kan sanda, tura hagu, hagu na ce!" Sai da mutane suka juyo suna kallona na gane muryata ce. Mai gadin ya leƙo ya ce, "Au, Malama, an kore ki daga ruwa ne aka ba ki titi?" Na ce masa har yau bai koyi jifa ba.

Na sauka na karɓi igiyarta a bakin ruwa. Hannuna ya ɗaure ta tun kafin in yi tunani. Na ɗora tafina a gefen jirgin, da ɗumi, ya ɗan matso ya taɓa ni ya koma.

Renske ta kusa kuka. Ta ce ta shirya kai shi Denmark a watan gobe, wanda zai raka ta ya janye, ita kaɗai kuwa ko gada ba ta iya wucewa. Ta ce, "Ki zo mana. Mako uku ne. Ke kin san halinsa." Na ce mata ni matar mai jirgi ce kawai. Ta ce ba abin da ta gani ke nan ba.

Da na koma, an daɗe da sauke gada, motoci suna ta zagaye Firji suna zagi. Siebren yana zaune riƙe da sitiyari, idonsa a kan hanya. Ya ce, "Ba ta wanke gefensa ba." Ashe ya gani. Ya tuƙa mu har zango, inda ya ajiye mu a karkace.

Ban gaya masa Renske ta gayyace ni ba. Jirginsa ne, Aukje, shi ya goge kowane katako da hannunsa. An raba shi da ruwa sau ɗaya, ya haɗiye, ya sayi rumfa. In na hau Wulp na bar shi a tudu, ni ce zan raba shi da shi karo na biyu, kuma ban san ko mutumin da zan dawo in tarar zai yafe ba. In kuma na zauna, ban san matar da zai ci gaba da zama da ita ba. Kullum ke ce mai ba da shawarar da ba a tambaye ki ba. Yau an tambaye ki.

Taki har kullum,
Tjitske

Borkum, watan Yuli

Aukje ƙawata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Harm. Wasiƙarki ta same ni. "Ki tambayi mijinki" ba shawara ba ce, amma na gode.

Ban ma kai ga tambaya ba. Ranar Lahadi na dawo daga wanka na tarar da rigar ruwansa a kan gado, ruwan ɗorawar nan mai faci a gwiwar hannu. Ashe da ita ya taho, ya ɓoye ta ƙarƙashin kujerun naɗewa. Ya ce Renske ta kira shi tana tambayar wani abu game da injin, ta kuma tambaya ko na yanke shawara. Ya ce, "Taki tana yoyo a kafaɗa. Kuma kurkuku ne, Malama, kada ki manta, yana jiƙa littattafai." Na ce, "Kyaftin, in ka ce in zauna zan zauna." Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai ce ba.

Kwanakin da suka biyo baya bai yi maganar tafiyar ba, sai ta jirgin. Inda yake shan ruwa, yadda yake ƙin juyawa dama in ya yi nauyi, igiyar da ba a yarda da ita. Yana faɗa yana yanka albasa, ya ba ni baya. Na san duk wannan. Na bar shi ya faɗa.

Jiya da safe ya kai ni tashar jiragen ruwa ta Lauwersoog. Kin san al'ada, wanda ya rage a tudu shi ke kwance igiya ya jefa wa masu tafiya. Tun a hanya nake tunanin yadda zan karɓe ta daga hannunsa. Da muka shiga wurin ajiye motoci, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga tsakanin farin layi biyu daidai, kamar kowa, ya juya wa teku baya. Ya kashe inji ya ce, "Wani ya kwance muku. Ni ba zan iya ba." Ban roƙe shi ba. Na sumbaci kunnen nan nasa da ya ja mana duk wannan, na ɗauki jakata.

Ga abin da nake roƙonki. Zai ce miki lafiya lau yake, yana da Bajamushensa da tankinsa. Kada ki yarda. Ki kira shi ranar Laraba, ki ce Harm yana neman mai taya shi gyaran shinge. Ko shingen lafiyarsa ƙalau, ku karya masa katako ɗaya.

Da na buɗe ƙofa, iska ta zo ta baya ta fizge ta daga hannuna, saura kaɗan ta ɓalle. Abin da yake gudu ke nan duk shekarun nan, juya wa iska baya. Na kama ta da hannu biyu ina kokawa da ita. Bai juyo ba, idonsa yana kan bangon da ke gabansa. Sai na ji ya ce, "Ta yamma ce, kuma za ta ƙaru da rana. Ki rage faɗin ƙyallen da iska ke turawa tun kafin ku fita."

Na tura ƙofar ta rufu, na gangara wajen ruwa. Ta ƙaru da rana, kamar yadda ya ce. Na yi barci jiya, Aukje, gadon ya ɗaga ni ya sauke. Da na farka na miƙa hannu gefensa don in gaya masa.

Ki gaida kowa. Kada ki manta da Laraba.

Ƙawarki,
Tjitske