Giyar da za ta dawo da Baba gida

Anti Thozama,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kafin bakina ya ja min abin da zai sa a daina amsa gaisuwata a gidanmu.

Zan fara da abin da ba na jin kunyar faɗa: na iya dafa giya. In ma yabon kai ne, to na ci gumina. Na fara ne a garejin gidana a East London ta Afirka ta Kudu da bokitin roba, mijina Siviwe yana min dariya yana cewa warin ya kori ɓerayen unguwa. Bara na sayi tankin da na daɗe ina mafarkinsa. Farin ƙarfe ne mai sheƙi, gindinsa a tsuke kamar mazurari, da ɗan famfo a ƙasa. Yana da ma'aunin zafi, da bututun sanyaya, da wata ɗamara ta lantarki da ake naɗa masa don ɗumi. In na ce masa digiri sha takwas, a sha takwas zai tsaya, ko gari na ƙuna ko ana ɗari. Idan giya ta gama tashi sai in sanyaya ta sosai, duk gwiɓar ta kwanta a gindi, in murɗa famfo in zubar. Abin da ya rage, Anti, sai ki karanta jaridarki ta cikin kofin.

A ƙungiyarmu ta masu dafa giya a gida yawanci maza ne masu gemu da tumbi, waɗanda da farko suka ɗauka na zo neman mijina ne. Bana ni na ɗauki na ɗaya a gasarsu. Amma ba wannan ne abin alfaharina ba. Abin alfaharina shi ne Baba, Allah ya ji ƙansa. Duk kwalbar da na kai masa ƙauyenmu a Cala, sai ya kira maƙwabta ya zuba musu kaɗan-kaɗan kamar magani, yana cewa, “Ku ɗanɗana a hankali, ba ta kanti ba ce, 'yata ce ta yi.”

Baba ya rasu bara. A watan Yuli mai zuwa, tsakiyar sanyinmu a nan, za a yi bikin dawo da shi gida cikin kakanninsa, za a yanka bijimi, kuma kin san ba a yi sai da umqombothi, giyar dawa da masara. Mama ce ya kamata ta dafa, amma ciwon gaɓɓai ya ci hannuwanta, ko muciya ba ta iya riƙewa. Ni ce babbar 'ya, don haka aikin ya faɗo kaina, kuma na karɓa da hannu biyu.

Ga inda ƙaya take. Ina ƙarama aka yi irin wannan bikin na kakanmu, shi ma a tsakiyar sanyi, lokacin da raɓa ke daskarewa a kan ciyawa. Mama ta dafa, giyar ta ƙi tashi. Ba kumfa, ba motsi. A gidanmu kuwa in kumfa bai taso ya zubo ta bakin randa ba, cewa ake magabata sun ƙi karɓa. Ba wanda ya zage ta a fili, amma har yau in ana rabon aiki sai wata ta ce, “A bar Maman su ta yanka kabeji, hannunta na da sanyi.” Mama ta haɗiye wannan maganar shekara da shekaru. Ni kuwa yanzu na san ba hannunta ba ne, ɗakin ne ya yi sanyi har yis ɗin da ke tayar da giyar ya kwanta. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Shi ya sa na ce a tankina zan dafa. Na yi gwaji, na bi duk yadda na saba: na tace, na riƙe zafin daidai, na sanyaya, na zubar da gwiɓa. Ta fito garau, kalar zuma. Na cika kwalba na kai wa Gwaggo Nocawe, yayar Baba, wadda maganarta ce ta ƙarshe a wannan bikin. Kada ki ɗauka tsohuwar da ba ta san komai ba ce, shugabar makarantar sakandare ce ta yi ritaya, kuma har yanzu tana gyara min Turanci a saƙon waya.

Ta ɗaga kofin sama, ta leƙo ni ta cikinsa, ta ce, “Ke 'yar nan, ga ki can ina ganinki har da ɗan kunne. Giyar da ake hango mutum ta cikinta ai ta masu rai ce.” Ta kurɓa, ta yarda da daɗi. Sannan ta tambaye ni ina kaurin ya tafi. Ni kuma cikin taƙama na yi mata bayanin famfon gindi, har da nuna hoto a waya. Sai ta ajiye kofin ta ce, “Wato abincin ubanki kika zuba a kwata, kika kawo mana ruwan wankinsa?” Ta ƙara da cewa ƙaninta ba zai dawo gida ya tarar da giyarsa a kulle cikin tukunyar asibiti ba, inda ba mai ganin ko ta yi kumfa.

Anti, na ji zafi. Na ce mata randarsu ce ta kunyata uwata. Ta ce in maimaita. Ban maimaita ba, amma tun ranar gaisuwarmu ta zama gajera.

Ƙanena Mawethu ya ce in dafa a East London a ɓoye, in juye a randa da safe, wa zai sani? Siviwe ya ce in bar wa tsofaffi kayansu. Ni kuwa ba zan iya zama ina kallo a sake jingina wa hannun Mama sanyin Cala ba, yanzu da ni ce hannunta. Kuma mutumin da ya fi kowa alfahari da giyata, a ce ranarsa ce za a hana ni yin abin da na iya? In nace a kan tankina ko in sunkuyar da kai?

'Yar Babanta, East London

Amsar Anti Thozama

'Yata, da farko ina taya ki murna. Kin shiga cikin masu gemu kin fito da na ɗaya, ubanki ya sha giyarki yana raye ya yi taƙama da ita. Wannan ba mai ƙwace miki shi, ko gwaggo ko randa.

Amma Gwaggo Nocawe tana da gaskiya, kuma ina jin kin sani. Kin ɗauko dabarar giyar kwalba kin ɗora wa giyar da ba ta buƙatarta. Umqombothi abinci ce, da kaurinta da tsaminta ake sonta, kuma ana shan ta tana da rai. Abin da tankinki ya fi ƙwarewa a kai, wato kwantar da gwiɓa a zubar, shi ne daidai abin da ba a so a nan. In ma kika bar kaurin a ciki, kunun zai toshe miki famfon, ki wuni kina sakace shi da waya. Sannan mutane za su taru ne don su ga kumfa da idonsu. Murfin ƙarfe ba zai nuna musu komai ba.

Ke ma kina da gaskiyarki. Sanyi na kwantar da yis, kuma an ɗora wa mahaifiyarki laifin yanayi. Ba ki yi kuskure ba da kika rantse ba za a maimaita ba.

To ki lura, tankinki aiki biyu yake yi, sanyayawa da ɗumamawa. A Cala cikin Yuli ba mai neman na farkon. Ki bar tankin a gareji. Ki kwance ɗamarar ɗumin da ma'aunin da ɗan akwatin da ake saita su, ki tafi da su. Ki ɗora randa a kan katako ko buhu, ba a kan siminti ba, ki naɗa mata ɗamarar inda ruwa ba zai taɓa ba, ki saita ɗumin ya ɗan haura digiri ashirin da biyar. A sama ki lulluɓa bargo, yadda iyayenmu ke yi tun da can. Ko an ɗauke wuta, bargon zai riƙe ɗumin, kwalaben ruwan zafi kuma su taimaka.

Shawarar Mawethu kuwa ki yar da ita. Ba a dawo da uba gida da ƙarya a bakin ƙofa, kuma in ta fasu, kan mahaifiyarki za ta sake faɗawa.

Ki je Cala kafin bikin. Ki ba gwaggonki haƙuri a kan maganar randa, don randar uwarta ce kika zaga. Ki roƙe ta ku yi gwaji tare, ita da ma'aunin tsiron dawa da tsami, ke da ɗumi. Ki nuna mata ɗamarar a fili, ki ce mata bargo ne mai wuta, don gaskiyar ke nan. Tsohuwar malama ce, in ta ga kumfa a ɗakin da numfashi ke hayaƙi, da kanta za ta tuna da waccan shekarar. Kada ki tuna mata, kada ki yi wa kowa lacca. Giyarki mai haske kuma ki cika kwalabe ki kai wa baƙi su sha washegari.

Abu na ƙarshe. Ki nemi bargon da Baba yake yafawa, shi za ki rufa wa randar. Ranar biki, in dangi sun taru, ki ja da baya ki tsaya kusa da gwaggonki. Hannun da zai yaye bargon ba ya buƙatar ƙarfin riƙe muciya. Ki bar Mama ta yaye.

Allah ya sa ta yi kumfa har ta zubo, Allah ya dawo da Baba gida lafiya.

Anti Thozama