An Hutar da Iya

Damagaram

Duk wanda idonsa ya faɗa kan takardar nan, in ba Alkasum ba ne, ya ji tsoron Allah ya rufe. Maganar cikin gida ce. Na rubuta da hannu na ɗauki hotonta da waya ne saboda saƙon murya har maƙwabta ke saurare.

Alkasum, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kana kuma salla a kan lokaci.

Kakarka Iya ba daɗi. Tun da muka ɗauko ta daga Hamdara bara, na yi mata abin da ƴar kirki ke yi wa uwa: na hutar da ita. Na karɓe taɓarya, na karɓe tsintsiya, awakinta na bar wa kawunka Nuhu, ko buta ba ta ɗauka da kanta. Duk da haka ƙafafunta sun saki. Sai an kama ta take tashi daga tabarma, salla ma a zaune take yi, tana yi tana hawaye.

Shekara nawa kana Faransa kana binciken tsufa? Na ji a rediyo an ce masu irin aikinku sun ba tsofaffin ɓeraye magani sun koma tsalle. Wani ɗan Kano ma yana sayar da nasa a kasuwa, kwalba da hoton tsohuwa tana gudu. Kunya ce a ce jikan Iya na yi wa ɓera hidima ita kuwa tana zaune. Aiko da na gaskiyar.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Asma'u

Monpelye

Inna, ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Iya da duk gida.

Don Allah kada ki sayi kwalbar nan. Maganin da kika ji kuma ba ni da shi, babu mai shi tukuna. Ga abin da muke bincike. Jiki yana da ƙananan ƙwayoyin halitta. In mutum ya tsufa, wasunsu sukan daina aiki amma su ƙi mutuwa, su zauna suna ɓata na kusa da su. Mun ga in an share su a jikin ɓera yana samun ƙarfi. A jikin mutum kuwa gwaji bai yi nisa ba, ba mu san amfaninsa ba, ba mu san illarsa ba.

Amma akwai abin da aka tabbatar. Tsokar tsoho tana narkewa da sauri in ba a aiki da ita, kuma tana iya dawowa ko mutum ya kusa casa'in. Inna, ki yi haƙuri da ni, ina zargin hutun ne. Ki fara kai ta lopital, wato asibiti, a duba tansiyo ko jininta ya hau, da sauran jiki. In lokotoro bai ga wata cuta ba, a mayar mata da tsintsiya, ta riƙa tashi tana zama tana dafa bango, a ba ta nono da wake da ƙwai. Kuma ta ci namanta, ta daina miƙa wa jikoki.

Ɗanki mai biyayya,
Alkasum

Damagaram

Alkasum, na amsa gaisuwarka don addini ya ce a amsa.

Wato ni na kwantar da uwata? Sannu, malamin ɓeraye. Ina da ƴaƴa da jikoki cike da gida, sai in miƙa wa tsohuwa tsintsiya duk Birni na kallo? Ka manta inda aka haife ka.

Na karanta wa Iya takardarka. Da na zo wurin masu daina aiki su ƙi mutuwa su dami na kusa, sai ta ce, "Da ni yake, ja'irin mijin nawa?" Na ce ƙwayoyin jiki yake nufi. Ta ce, "To ai ni ma haka kuka mai da ni." Ka riƙa auna magana kafin ka rubuta.

Na dai kai ta lopital. Tansiyo lafiya. Lokotoron ya matsa cinyarta ya faɗi irin abin da ka faɗa, da alama a lakwal ɗaya kuka yi karatu, ta lalata ku. Maƙwabciyarmu Madam Nasara, mai jinya, tana biyowa bayan ta taso daga aiki tana koya mata tashi da zama. Tsintsiyar kuma ban ba ta ba. Na dai ajiye kusa da tabarmarta na shiga ɗaki.

Ranar Juma'a kawunka Nuhu ya zo daga Hamdara ya same ta a duƙe, hannu ɗaya a bango, tana share ƙofar ɗakinta. Ya yi salati ya fizge tsintsiyar.

"Asma'u, abin da kika ɗauko ta ki yi mata ke nan? Baiwa kika samu? Yau zan koma da ita inda za ta huta!"

Yayana ne, ba a mayar wa babba magana. Iya ce ta ɗago.

"Nuhu, ba ni abata."

"Iya, ki huta mana."

"A Hamdara wa ake cewa ya huta?"

Ya juya tsintsiyar a hannunsa.

"Na tambaye ka. Ranar da aka kai ubanku, me mutane suka ce? Cewa suka yi Malam ya huta. Kun yi mini tawa jana'izar tun ina numfashi. Ba ni tsintsiya, kuma ka aiko mini da jar akuyata."

Ya ba ta. Ya tafi ko ruwa bai sha ba, har yau bai kira ni ba. Wannan kai ka jawo, kai za ka kira shi ka ba shi haƙuri.

Innarka

Monpelye

Inna, ina gaisuwa. Na kira Kawu, ya yi mini faɗa har katin wayata ya ƙare, amma ya ce akuyar na hanya. Yaya ƙafafun Iya? Ki faɗa mini gaskiya, ko babu canji.

Alkasum

Damagaram

Alkasum, gaisuwa.

Jiya Iya ta yi raka'ar farko ta azahar a tsaye. Sauran ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Akuyar ta cinye mini zogale.

Na tara gida na kafa doka, kai ma ta shafe ka in ka zo. Ba mai karɓar komai daga hannun Iya sai ta miƙa da kanta. Ba mai ce mata ta huta, ɗan gida ko baƙo. Ranar da nawa tsufan ya zo, haka za ku yi mini, wanda ya taɓa tsintsiyata ban yafe ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Asma'u