Na Ce Babu, Alhali Da Hannuna Na Wanke Su

Assalamu alaikum mai kula da shafi da 'yan uwa masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni mahauci ne a Garwa, fawa gadonmu ce tun kakanmu da ya zo daga Najeriya. Bayan fawa, ni ke wankan gawar maza a unguwarmu, shi ma wurin mahaifina na gada. Ranar da ya fara shiga da ni ya ce, "Abin da idonka ya gani a nan, a nan za ka bar shi." Na riƙe maganar nan gam. To shekarun nan samari nake ta wankewa, 'yan haya da babur da masu koro shanu, waɗanda ƙwayar tramol ta cinye. Wani sha ya yi ya zarce bai farka ba, wani kuma, Allah Ya yafe masa, shi ya gaji da duniyar. Iyaye su fito su ce zazzaɓi ne, ni ma in ce zazzaɓi ne, a sallace shi a kai. Wa ke so a riƙa nuna ƙofar gidansa da baki?

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan asibitin unguwa wanda hukumar lafiya ta jiharmu ke ɗaukar nauyinsa. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar garin Yagwa, Madam muke ce mata, ita ke zama da masu shan ƙwaya, ta saurare su, ta ba su magani, wanda ya jigata ta tura shi babban asibiti. Watan jiya wani babba ya zo daga hukumar, aka tara mu a ƙofar mai unguwa. Ya ce kasafin bana ya yi ƙaranci, za a bar irin ɗakin ne kawai a inda abin ke kashe mutane. Mu kuwa gawarmu ba ta bi ta asibiti, daga gida sai maƙabarta, ina zai sani in bai tambaya ba? Ya yi tambayar da Faransanci, aka juya da Fulatanci: "A nan ana mutuwa da wannan abu?" Kowa ya juyo ya zuba min ido. Ga uban wanda na wanke kwanan nan zaune a gabana, kai a sunkuye, yana jan carbi. Na ce, "Walaa. Babu, ranka ya daɗe. Mu nan zazzaɓi ke damunmu." Dattawa suka sauke ajiyar zuciya, har da masu sa min albarka. Madam ta dube ni kawai, ta ɗauki jakarta ta tashi.

Ni da ke yanka kullum, na manta baki shi ke yanka wuya. Sai ga labari wai ƙarshen watan nan za a rufe ɗakin, a mayar da Madam wani gari. Ko a lokacin ban damu sosai ba, ina ganin amana na riƙe. Shekaranjiya ina tsaye a teburina a kasuwa ƙanena ya zo, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da 'ya'yansa, shi ke koro mana shanu. Ya jira masu saye suka watse, ya ce, "Yaya, ka san ina zuwa wurin Madam?" Na ce zuwan me? Ya ce, "Tun damina. Ita kaɗai na iya gaya wa abin da ke raina. Ba don ita ba da tuni ka wanke ni." Wuƙa na hannuna, na shiga goge ta a riga kamar wawa. Ya ce, "Ba faɗa na zo yi ba. In ta tafi ban san yadda za ta kaya ba. Ka dai kula min da yaran."

Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya, abinci ma turawa nake. Na je na sami Madam, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi min gori ba. Ta ce babban zai dawo kafin a rufe, kuma in mai wankan gawa ya tashi a gaban mutane ya gyara maganarsa, za a iya sake dubawa. Ta ce ba sai na kama suna ba. Amma unguwarmu ce fa, wa bai san gidajen da na shiga da bokitin ruwa ba? Ina buɗe baki kowa zai gane, iyayen da suka damƙa min 'ya'yansu su ce na ci amana, na tona asirin wanda ba ya iya kare kansa. Da wane ido zan dube su a masallaci?

Ina tsoron Allah a kan matattu, ina tsoro a kan ƙanena. In tashi in faɗi abin da na gani, ko in yi shiru in jira ranar da za a aiko in zo gidanmu da bokiti? Don girman Allah, me zan yi?