Hudar Allura a Jikin Taswira

Zuwa ga kakata, Habboba Zahara,

Gaisuwa mai yawa daga Port Sudan. Ya ƙafar taki? Ya Inna da Kawu Taha mai jirgin fito? Ni ƙalau nake. Ruwan nan ne dai gishiri-gishiri, amma na kusa sabawa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Wata biyar ke nan 'yan shagon ɗinkinmu sun ɗauka ni 'yar birnin Dongola ce. Ranar da na zo, na bi kogin Nilu da yatsa a taswirar da ke bango, ban ga ƙauyenmu Hillat Gubara ba. Ikhlas mai yanka yadi ta ce, "Ke baƙuwa, ko kada ne ya haɗiye garin naku?" Aka yi ta dariya, sai na ce Dongola.

Habboba, don ba mu da ko ofis ɗaya aka manta da mu? Ko don kogi ya ci gaɓa sau uku muna matsawa, masu zanen suka rasa inda za su ajiye mu? Da gaske rijiyar da Gubara, wanda ya kafa garin, ya haƙa tana tsakiyar ruwa yanzu? Shi ɗin daga ina ya zo? Ki sa Kawu ya rubuto mini, kada ki rage komai. A haɗo da ɗan dabino.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Jiya na gano lanƙwasar kogin nan ta gaban tsibiri a taswirar, daidai inda garinmu yake, na huda wurin da allura. Gobe zan kamo yatsan Ikhlas in ɗora a kai.

Jikarki,
Awadiyya