Igiyar da Tsoho Lamboni Ya Aiko

Zango, Sokodé,
Lahadi, 16 ga Mayu, 1993.

Zuwa ga Yayana Siddiƙ, a Dapaong.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Nuriyya da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan, ya tsare ku daga fitinar wannan zamani. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa a kan kajinsu, ka kuwa san in ta fara wannan to lafiya ta samu. Maigidana Salifu yana nan yana fama da fawa, ko da yake yajin aikin nan da ya ƙi ƙarewa ya rage masu cin nama. Ruwa ya sauka sosai, ciyawa ta fito ko'ina.

Dogo direba ya gaya mini abin da ka ce ranar da ya miƙa maka guntuwar takardata, wai ƙanwarka ta yi wata biyar ba ta rubuto ba, da ta tashi rubutowa sai ta aiko maka da zanen kunnen jaki. Na cancanci dariyar, Yaya. Sauri ne ya hana ni bayani, motar tana shirin tashi. Duk da haka ka bar shagonka ka shiga ƙauyuka da ciwon ƙafarka kana nuna wa mutane zanen, ba ka ma san dalili ba. Yau zan ba ka labarin daga tushe, don tun shekaranjiya nake cikin murna.

Tun farkon shekara, da rikici ya yi zafi, ma'aikata da yawa suka kwashe iyali suka bar gari, wasu har sun tsallaka Gana. Mai gudu yana ɗaukar 'ya'yansa da katifarsa, amma ba ya waiwayar kare. Wata rana ni da ƙawata Sayyada ta unguwar Didaouré muna dawowa daga barka sai muka ji kukan awaki a wani gida da aka garƙame. Muka leƙa ta katanga, ga su biyu a turke, sun cinye har ɓawon bishiyar da ke kusa da su. Daga nan abin ya soma. Wani Alhaji ya ara mana filin garejinsa tunda rabin motocinsa ba sa fita. Mamadou, mai yi wa dabbobi allura, yana yajin aiki, zaman banza ya ishe shi, sai ya shigo cikinmu da jakar magungunansa. Masu koko suna ba mu dusa sadaka, mahauta suna tara mana ƙasusuwa. Yanzu muna da karnuka tara, kyanwoyi da ba sa tsayawa a ƙirga su, da awaki huɗu. Mutanen Zango sun sa mana suna asibitin karnuka, Inna kuma ta ce ko na wanke hannu sau bakwai kada in kuskura in taɓa butarta.

Mako biyar da suka wuce aka zo aka ce mana ga jaki can kwance a rami bayan tashar mota. Muka je muka tarar mace ce, ungulaye har sun fara sauka kusa da ita. Yaya, ban taɓa ganin bayan dabba irin wannan ba. Inda sandunan amalanke suke zama duk ya zama gyambo, tsutsa tana motsi a ciki, ga shatin bulala har wuya, ƙafar baya ɗaya ta kumbura. Maza shida suka ɗago ta a kan buhuna. Mamadou ya yi mata allura, ya ce sauran aikin namu ne, shi dai bai sa rai ba. Safe da yamma ina wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, Sayyada tana riƙe kanta, mu shafa man kaɗanya, mu rufe da tsumma saboda ƙuda. Ran kwana na tara na shiga garejin na same ta a tsaye tana jan ciyawa ta ƙarƙashin ƙofa. Na saki bokitin hannuna na yi ta guɗa ni kaɗai kamar an yi mini haihuwa.

To, a nan ne na jawo mana. Zuciyata ta ƙi kwanciya, domin kare ba mai nemansa, amma jaki dukiya ne. Na je wurin liman da ƙafata na tambaye shi ko ya halatta mu riƙe ta. Ya ce tsintacciyar dabba sai an yi cigiyarta, kuma a nan Zango Juma'a uku a jere ake yi bayan an idar da salla. In mai ita ya fito da shaida, a ba shi abinsa. Sayyada ta ce da na yi shiru da ba wanda zai tambaya, wai tsoron Allahna ya fi wayona yawa. Juma'ar farko kuwa sai ga wani Bukari mai amalanke ya miƙe ya ce tasa ce. Ya faɗi kamanninta daidai, mutum biyu suka ce sun sha ganinsa yana kora ta da lodin itace. Liman ya ce a cika Juma'a ukun, in ba wata magana ta fito ba, za a miƙa masa. Bukari ya biyo mu har gareji, ya dubi bayanta da ya fara haɗewa, ya ce mun kyauta, yanzu da man fetur ya yi wuya aikin amalanke ya yi yawa, ko mako ba za ta yi ba zai ɗaura ta. Ranar na yi kuka sosai.

Allah da ikonsa, washegari Belel, Bafulatanin nan mai kawo wa Salifu shanu daga arewa, ya leƙo don ya yi mana dariya. Da ya ga jakar sai ya daina dariyar, ya kama kunnenta ya duba. Ya ce tsagi biyu a hagu, ɗaya a dama, wannan shaidar wani gida ce ta mutanen Moba a wajen Dapaong. Sannan ya tambaya da wace igiya aka gan ta. Muka ce ta roba ce shuɗiya, irin ta kasuwa. Ya girgiza kai, ya ce a can in an sayar da dabba, da igiyarta ta gida ake miƙa ta, amma in aro aka bayar, mai ita yakan kwance igiyarsa ya ajiye, mai aro ya sa tasa. Ya ce a nemi gidan, a tambaya ko igiyar tana nan. Ka ji dalilin zanen kunnen da na aiko maka. Dogo kuwa na ce masa in ka sami gidan ya ba mai ita labari, ya tambayi igiyar.

Kada ka tambaye ni yadda na yi kwanakin nan. Juma'a ta biyu ta wuce, babu Dogo. Aka ce an kafa shingaye a hanyar Mango, aka ce jandarmomi suna sauke kaya a Kara, kowa da labarinsa. Duk kamiyon kaya da ya shigo tasha sai na aika a duba. Ran Alhamis na yi wa jakar wanka na shafa mata mai, ina gaya wa kaina ko ba komai ta tafi da tsabta. Ran Juma'a ni da Sayyada da wasu mata muka tsaya bayan katangar masallaci. An idar, liman ya yi cigiya ta uku, Bukari har ya miƙe yana gyara hula, sai muka ji ƙarar mota. Dogo ne ya tsayar da kamiyonsa a gicciye a kan hanya, ko kashe shi bai yi ba, ya shigo da gudu, yana cewa a dakata, yana da saƙo daga arewa.

Ya miƙa wa liman takardar ajamin da ka karɓo daga Sarkin Zangon Dapaong, aka karanta a gaban jama'a. Ta ce jakar ta Tsoho Lamboni ce, a gidansa aka haife ta, bayan girbi ya ara wa Bukari na wata ɗaya don ya kwashe albasa, daga baya Bukari ya aika masa cewa ta mutu a hanya. Sai Dogo ya zaro igiyar daga aljihun rigarsa, tsohuwar igiyar rama da ta yi baƙi don shan hannu. Belel ya karɓa ya juya ta, ya ce ita ce. Bukari ya fara musu, amma da dattawa suka zuba masa ido sai ya sunkuyar da kai. Ya ce aiki ne ya yi masa daɗi a Sokodé har ya wuce wa'adi, da ya ga bayanta ya lalace sai kunya da tsoro suka hana shi mayar da ita, da ta faɗi kuma ya ɗauka ba za ta tashi ba. Na ji tausayinsa, amma gaskiya kaɗan ne.

Abin da ban zata ba shi ne na gaba. Salifu ya miƙa hannu zai karɓi igiyar a madadina, kamar yadda ya dace, sai Dogo ya janye ta. Ya ce tsohon ya sa shi ya rantse ba zai ba kowa ba sai matar da ta wanke ciwon da hannunta, hannu da hannu, ya bar mata jakar halak malak, sharaɗinsa ɗaya, kada a sake ɗaura mata amalanke har ta mutu. Sai liman ya ce a kira Lailatu. Yaya, ni da ko sunana ba a taɓa faɗa a ƙofar masallacin nan ba, na ja mayafi na ratsa tsakiyar maza. Dogo ya ɗora mini igiyar a tafin hannu. Liman ya ce jama'a su shaida, mai dabba ya miƙa igiyarsa, magana ta ƙare. Sayyada ta rangaɗa guɗa daga bayan katanga har ladan ya yi mata tsawa, shi ma yana dariya.

Yanzu ga roƙona, kuma na san ƙafarka za ta sake yin ƙorafi. Ka koma gidan Tsoho Lamboni da kanka, kada ka aika kowa. Ka gaya masa saƙonsa ya iso a kan lokaci, kuma na karɓi sharaɗinsa a gaban Allah da mutane. Sannan ka gaya masa wannan, don shi kaɗai zai san nauyinsa. Da na koma gareji na cire ta robar zan sa mata tasa, sai ta kai hanci tana shinshinar igiyar, ta daɗe a haka. Tun da muka ɗauko ta daga ramin nan ba mu taɓa jin muryarta ba, har Mamadou yana cewa wataƙila dukan ya taɓa maƙogwaronta. Sai ga shi ta ɗaga kai ta yi kuka, irin kukan jakin da ya hango gida, har karnuka tara suka amsa mata. Na rungume wuyanta muka yi tare.

Ka gaishe mini da Yaya Nuriyya da kyau, Allah ya saka mata da haƙurin da ta yi na rashinka a shago. Ka shafa mini kan Dija da Sadi. Inna tana sa muku albarka, Salifu da Sayyada da Belel duk suna gaisuwa. Tsoho Lamboni kuwa, in ka isa ka durƙusa ka gaishe shi gaisuwar uba, ka ce daga 'yarsa ta Sokodé.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa,
Lailatu.